Yadda ake ɗauke aikin ofishin gwamnati daga takarda a mayar da shi kan intanet

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa nauyin mayar da wani aikin gwamnati kan intanet ne, darakta ne shi, ko shugaban sashe, ko ƙaramin ma'aikacin da aka ga ya iya kwamfuta aka ce ya je ya yi. Abin da ofisoshi da yawa suke fara yi shi ne su kira ɗan kwangila, a sayo na'urori, a gina shafi, a gayyato 'yan jarida a buɗe. Ba a daɗe ba sai a tarar layi yana nan a bakin taga yadda yake, har ma wahalar ta ƙaru, domin yanzu sai mutum ya cike fom a intanet, ya buga shi a takarda, sannan ya kawo ofis a sa hatimi. Sayen na'ura yana can kusa da ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai aikin da ba ya buƙatar kwamfuta ko ɗaya, kuma a kansa komai ya rataya, wato gyaran hanyar da fayil yake bi.

Zan riƙa ba da misali da sabunta lasisin sana'a, tunda kusan kowace hukuma tana da aiki irinsa. Ku sa naku a gurbinsa.

Mataki na farko: ku zaɓi aiki guda ɗaya

Kada ku ce za ku mayar da ma'aikatar gaba ɗaya a karo ɗaya. Ku zauna ku rubuta duk abin da jama'a suke zuwa nema a wurinku, sannan ku duba rajista ku ga wanne aka fi nema a shekarar da ta wuce. Wanda ya dace a fara da shi yana da siffa uku: mutane da yawa ne ke nemansa, ƙa'idarsa a fili take ba ta buƙatar dogon nazari, kuma yawancinsa a hannunku yake ba sai kun jira amincewar wasu ma'aikatu biyar ba. Shi ya sa sabunta lasisi ya fi ba da sabon lasisi dacewa da farawa, don mai nema yana cikin rajistarku tun da can.

Ku naɗa mutum ɗaya wanda aikin yake wuyansa, mai ikon cewa a cire kaza a bar kaza. Kwamiti yana iya ba shi shawara, amma idan kwamiti ne mai aikin, to ba mai shi.

Mataki na biyu: ku bi fayil ɗin da ƙafa

Nan ne ya kamata ku ɓata lokaci mafi yawa. Ku ɗauki fayil na gaske, wanda aka riga aka kammala, ku bi shi daga ranar da mai shi ya miƙa takarda har ranar da ya karɓi lasisinsa. Ku je kowane tebur da ya sauka. A kowanne ku yi tambaya huɗu: me ake yi masa a nan, minti nawa aikin yake ci, kwana nawa yake kwanciya kafin a taɓa shi, kuma me zai faru in an tsallake wannan tebur ɗin.

Ku zana hanyar a babbar takarda ku liƙa a bango, kowane tebur da akwatinsa, a ƙarƙashi a rubuta lokacin aiki da lokacin jira. Abin da za ku gani zai ba ku mamaki. Aikin da ake yi wa fayil ɗin, in an tara shi, sau da yawa bai wuce na sa'a ɗaya ko biyu ba, sauran makonnin duk jira ne: jiran mai sa hannu ya dawo daga taro, jiran masinja ya tara fayiloli kafin ya haura bene, jiran a nemo tsohon fayil a ma'ajiya. Idan kuka ɗora wannan hanyar a kan kwamfuta yadda take, jiran ba zai je ko'ina ba, sai dai ya koma cikin akwatin saƙon darakta.

Kada ku tsaya a bayanin shugabanni. Shugaba zai faɗa muku yadda ya kamata aikin ya tafi, akawu da masinja da mai kula da ma'ajiya su ne za su faɗa muku yadda yake tafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akawun da ya shekara yana karɓar fom ya san layin da kowa ke kuskurewa, ya san takardar da ake nema amma ba wanda ke buɗe ta. Ku zauna da shi cikin girmamawa, ku rubuta abin da ya faɗa, domin ba ya cikin kowane kundin ofis.

Sannan ku fita waje ku yi magana da masu bin layi. Ku tambaye su yadda suka san abin da za su kawo, ko an taɓa mayar da su gida saboda takarda ɗaya, da wanda ya taimaka musu cike fom. In kun ga dillalai suna kai-komo a bakin ƙofa suna karɓar kuɗi don su "taimaka", ku lura da inda suka fi samun ciniki. Wurin nan ne hanyarku ta fi duhu.

Mataki na uku: ku yanke abin da ba shi da dalili

Ku koma kan zanen da jan biro. Kowane sa hannu, kowace tambaya a fom, kowace takardar da ake cewa a kawo, ku nemi inda aka rubuta ta a doka. Ku kira lauyan ma'aikata ya zauna da ku. Za ku tarar abubuwan sun kasu uku: wanda doka ta wajabta, wanda wata takardar umarni ta cikin gida ta kawo, da wanda kawai aka taras ana yi. Na uku ku cire shi yau. Na biyu shugaban ma'aikata yana iya soke shi da takarda ɗaya. Na farko ne kawai ke buƙatar zuwa gaban masu yin doka.

A kan kowace tambayar fom ku ce: wa ke karanta amsar, kuma wane hukunci take canzawa? In ba amsa, ta fita. Lokacin da Birtaniya ta sake fasalin neman tallafin da ake ba masu jinyar naƙasassu da marasa lafiya, an cire tambayoyi 170 daga fom ɗin, kusan rabinsa ke nan, kuma tallafin ya ci gaba da tafiya. Wannan yana daga cikin aikin sashen ayyukan intanet da gwamnatin ta kafa a 2011, wanda ya buɗe GOV.UK, babban shafin gwamnatin, a watan Oktoba na 2012, kuma ƙa'idarsu ta farko ita ce a fara da buƙatar mai nema kafin buƙatar ofis.

Akwai wata ƙa'idar da Istoniya ta sa a dokarta wadda ta cancanci kowa ya ɗauka: gwamnati ba za ta nemi bayani ɗaya daga ɗan ƙasa sau biyu ba. In ofishinku ne ya ba mutum lasisi bara, da wane dalili za ku ce ya kawo kwafinsa bana? Yana cikin rajistarku. Ko da sauran ma'aikatu ba su shirya ba, ku fara aiki da ƙa'idar a cikin gidanku.

Ku duba kuma ko doka ta amince da sa hannu da takardar da ba ta biro da tawada ba. Istoniya ta yi dokar sa hannun lantarki a 2000, shekara biyu kafin ta fara raba katin shaida mai ɗauke da shi. Yukren ta buɗe Diia, manhajar ayyukan gwamnati ta waya, a 2020, a 2021 kuma ta yi dokar da ta daidaita fasfon da ke cikin waya da na takarda a cikin ƙasar. In dokarku tana cewa sai an ga hatimi, to lasisin da kuka aika ta waya zai gamu da jami'in da zai ce bai san da shi ba, kuma shi ke da gaskiya. Neman gyaran doka yana cin lokaci, saboda haka a wannan matakin ake soma shi, sauran aiki na tafiya.

Mataki na huɗu: ku gyara bayanan da ke hannunku

Aiki ne mai gundura, ba wanda ke son sa, kuma shi ke kayar da yawancin shirye-shirye. Tsohuwar rajista cike take da mutum ɗaya da aka rubuta sunansa iri uku, da kamfanonin da suka daɗe da rufewa, da lamba ɗaya da aka ba mutum biyu.

Ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta ba ya magance wannan, domin manhaja ba ta iya bincike ko lissafi da hoto yadda take yi da bayanin da aka shigar gurbi-gurbi. Ku tsai da guraben da aikin ke buƙata, kamar suna, lambar lasisi, adireshi, ranar ƙarewa, ku shigar da su na masu lasisi mai rai kawai. Tsofaffin fayiloli su jira, a riƙa shigar da su idan an neme su. A wurin shigarwa, mutum ɗaya ya shigar wani dabam ya duba, sannan shugaban aikin ya riƙa zaro wasu ba tare da sanarwa ba yana gwadawa da takardar asali.

Kowane mai lasisi ya samu lamba ɗaya da ba ta canzawa, kuma da ita ake nemo shi, ba da suna ba. In ƙasa tana da lambar shaidar ɗan ƙasa ko ta rajistar kamfani, ku jingina da ita maimakon ƙirƙiro sabuwa.

Game da musayar bayani da wasu ma'aikatu, tsarin Istoniya mai suna X-Road, wanda ya fara aiki a 2001, darasi ne. Ba su tara bayanan kowa a rumbu ɗaya ba. Kowace ma'aikata tana riƙe da nata, idan wata tana buƙatar tabbatar da abu sai ta aika tambaya ta kulallen layi a ba ta amsar abin da ta tambaya kawai, kuma a rubuta cewa ta tambaya. Ga lasisinku, abin da kuke so daga hukumar haraji shi ne "e" ko "a'a" a kan ko mutumin ya biya. Ba ruwanku da yawan abin da yake samu.

Mataki na biyar: ku gwada a takarda kafin a rubuta manhaja

Ku zana shafukan da mai nema zai gani, kowanne a takarda ɗaya, ku ajiye a gaban mutane biyar ko shida daga cikin masu bin layi, ɗaya bayan ɗaya. Ku ce ya nuna inda zai danna. Kada ku taimake shi, kada ku yi masa bayani, ku dai zuba ido. Duk inda ya tsaya yana tunani, laifin shafin ne. Ku gyara ku sake gwadawa da wasu mutanen. Gyara a wannan lokacin kuɗinsa takarda da fensir ne, bayan an gina kuwa sai an sake kwangila.

Ku gina wa ƙaramar waya mai raunin intanet, domin da ita yawancin mutane za su shigo. Tambaya ɗaya ko biyu a kowane shafi. Tun a shafin farko a gaya wa mutum abin da zai tanada, nawa zai biya, kwana nawa zai jira. Abin da ya cike ya riƙa ajiye kansa, ta yadda in layi ya yanke ba zai koma farko ba. In ana buƙatar hoto, manhajar ce za ta rage girmansa, kada a ce mutum ya je ya rage da kansa. Idan ya yi kuskure a nuna masa gurbin da yadda zai gyara, da yaren da yake ji, kada a jefa masa lambar kuskure.

Ku yi hattara da guraben da ke korar mutane ba tare da kun sani ba. Akwai mai suna ɗaya tilo, akwai wanda sunansa ke da haruffan da manhaja ba ta sani ba, akwai wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai shekara, akwai wanda gidansa ba shi da lamba. Fom ɗin takarda yana da gefen da akawu ke rubuta bayani, na kwamfuta ba shi da shi sai in kun yi masa. Haka ma makafi da masu raunin gani da ke amfani da manhajar karanta allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa mai tsanani, wato kusan ɗaya cikin shida, don haka a cikin masu gwajinku a samu aƙalla ɗaya daga cikinsu.

Tantance mai nema kuma a yi shi daidai da haɗarin aikin. Duba ko lasisi yana da rai ba ya buƙatar buɗe asusu. Sabuntawa tana iya wadatuwa da lambar lasisi da lambar sirrin da ake aikawa wayar da ke rajista. Canja sunan mai lasisi ko asusun da ake biya a ciki shi ne ke buƙatar shaida mai ƙarfi. Indiya ta fara ba da lambar shaida ta Aadhaar mai lamba 12 a 2010, ta kai ga mutum fiye da biliyan ɗaya, amma an ga yadda zanen yatsun tsofaffi da masu aikin ƙarfi ke ƙin karantuwa a na'ura. A hukuncinta na 2018 kotun ƙolin ƙasar ta amince da tsarin, tare da cewa kada a hana mai haƙƙi haƙƙinsa don na'ura ta kasa tantance shi. Duk hanyar tantancewar da kuka zaɓa, ku tanadi ta biyu.

Mataki na shida: biyan kuɗi

Kuɗi ya tafi kai tsaye asusun gwamnati, kada ya bi ta hannun ma'aikaci. Kowace buƙata ta fito da lambar biya tata, mutum ya biya ta kati ko banki ko asusun kuɗi na waya, manhajar ta gani da kanta ta wuce da fayil gaba. Ranar da kuka ce a biya a kawo rasit a nuna, kun dawo da layi, kun kuma buɗe ƙofar rasit na jabu.

Tun kafin buɗewa ku rubuta abin da za a yi wa wanda aka cire wa kuɗi manhaja ba ta gani ba, da wanda ya biya sau biyu: wa zai duba, cikin kwana nawa za a mayar. Ba abin da ke zubar da amincin sabon tsari da sauri kamar kuɗin da ya maƙale ba wanda za a tambaya.

Mataki na bakwai: yanzu ne za a yi maganar kwangila

Da zanen hanya a hannu, da fom ɗin da aka gwada, kun san abin da kuke saye. Kafin ku ba da gini, ku bincika ko gwamnati tana da abin da aka riga aka gina don kowa, kamar hanyar biya, hanyar aika saƙo, ko hanyar shiga da shaida. Amfani da su ya fi araha, kuma yana hutar da ɗan ƙasa daga riƙe kalmar sirri goma.

A cikin takardar kwangila kada waɗannan su ɓace. Bayanai na gwamnati ne, kuma za ta iya kwashe su kowane lokaci a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Rubutun da aka gina manhajar da shi a miƙa shi ga ma'aikata tare da bayaninsa. Sunan shafin da makullan shiga su kasance da sunan ma'aikata, kada su zama da sunan ɗan kwangila ko wani ma'aikaci shi kaɗai. Biya kuma kashi-kashi, kowane kashi bayan an ga abin yana aiki a hannun mutane na gaske. Ku sa ma'aikatanku biyu ko uku su zauna cikin masu ginin tun daga ranar farko, don ilimin ya tsaya a gida.

Kuɗin gudanarwa na kowace shekara ya shiga kasafi tun yanzu: hayar wurin ajiye manhaja, kuɗin saƙon tes, gyara, albashin masu amsa kira. Shafukan gwamnati da yawa sun mutu ne a shekara ta biyu, lokacin da aka tarar an tanadi kuɗin gini ba a tanadi na rayarwa ba.

Ku kuma riƙe haƙƙin a binciki manhajar idan aka yi zargin tana kuskure. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta shekara da shekaru tana tsaye kan cewa manhajar lissafinta mai suna Horizon ba ta kuskure. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci saboda giɓin da manhajar ta nuna, wasu aka ɗaure su. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin, a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Mutane ne suka rasa mutuncinsu da dukiyarsu saboda an ɗauki maganar na'ura a kan tasu.

Mataki na takwas: tsaro da kwafin ajiya

Kowane ma'aikaci da asusunsa, ba a raba kalmar sirri, kuma shiga ta ma'aikata ta zama mai mataki biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta biyu kamar lambar da ake aikawa waya. Kowa ya ga abin da aikinsa ya shafa kawai. Ranar da mutum ya bar aiki ko aka sauya masa sashe a rufe asusunsa. Manhajar ta riƙa rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe, a rajistar da ba wanda ke iya gogewa. A Istoniya ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga jami'in da ya duba bayanansa, kuma wannan kaɗai yana hana leƙen da ba dalili.

Kwafin ajiya ya zama uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari dabam kuma a yanke daga intanet. Ku riƙa gwada dawo da bayanan daga kwafin lokaci-lokaci, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana aiki ba. A Afrilun 2022 masu kutse suka kulle na'urorin ma'aikatar kuɗi ta Kosta Rika suna neman kuɗin fansa, aikin haraji da na kwastan ya tsaya na makonni, har shugaba Rodrigo Chaves ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu. A Satumbar 2025 gobara a cibiyar ajiye bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon ta tsayar da ɗaruruwan tsare-tsare a lokaci ɗaya. Istoniya kuwa, wadda ta sha harin intanet a 2007, ta kai ga ƙulla yarjejeniya da Luksambog a 2017 don ajiye kwafin muhimman rajistocinta a can. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku rubuta a takarda, takarda ta gaske, wa za a kira da yadda za a ci gaba da aiki ranar da tsarin ya faɗi, da yadda za a sanar da mutanen da bayanansu suka fita.

Mataki na tara: ku buɗe kaɗan-kaɗan

Ku fara da ofishin yanki ɗaya ko rukunin mutane kaɗan, hanyar takarda tana nan a buɗe. Masu ginin su zauna kusa da masu amsa kira suna jin ƙorafi da kunnensu, ana gyara kowane mako. Kafin faɗaɗawa a gwada tsarin daga farko har ƙarshe da nauyin da ya ninka wanda kuke tsammani, musamman in lasisin kowa yana ƙarewa a wata ɗaya.

Amurka ta buɗe HealthCare.gov, shafin rajistar inshorar lafiya, ga jama'a gaba ɗaya ranar 1 ga Oktoba 2013, ba a gwada sassansa a haɗe ba sai daf da ranar. Miliyoyi suka shigo, shafin ya kasa ɗauka, kuma bayanan cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar farko. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma ƙwararru ba. An tsai da ranar buɗewa ne ba tare da hanyar ja da baya ba. In shugabanni sun matsa muku da ranar biki, ku ba su bikin a ofishin gwaji.

Mataki na goma: waɗanda ba za su iya shiga ba, da waɗanda ke cikin ofis

Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet a 2024, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta wajen miliyan 850 ba su da wata takardar shaida ta hukuma. Kamfani yana iya cewa waɗannan ba abokan cinikinsa ba ne. Gwamnati ba ta da wannan damar, kuma su ne suka fi buƙatarta.

Ruwanda ta buɗe Irembo, shafin ayyukan gwamnati, a 2015 tare da wakilai a garuruwa da ƙauyuka masu cike wa mutum buƙata, ana kuma iya wasu ayyukan da ƙaramar waya ta hanyar danna lambobi. Kenya ta buɗe cibiyoyin Huduma a 2013, inda ake samun ayyukan ma'aikatu da yawa a zaure ɗaya, kafin shafin eCitizen a 2014. Ko Denmark, da ta wajabta wa 'yan shekara 15 zuwa sama karɓar wasiƙun hukuma ta intanet tun Nuwamban 2014, ta bar hanyar neman a ɗauke wa mutum. Ku bar tebur ɗaya a ofis inda ma'aikaci zai zauna da mutum ya cike masa a cikin tsarin nan dai, don rajista ta zama ɗaya. In za ku yi aiki da wakilai, ku yi musu rajista, ku liƙa kuɗin aikinsu a fili, kuma saƙon tabbaci ya je wayar mai buƙata, ba ta wakili ba. In ba haka ba dillalan bakin ƙofa ne za su dawo da sabon suna.

Ma'aikata kuma ku faɗa musu gaskiya da wuri. Wanda ke tsoron rasa aikinsa a nuna masa inda zai koma: amsa kira, taimaka wa masu cikewa, duba fayiloli masu sarƙaƙiya. Horarwa a yi ta a kan teburinsu da fayiloli irin nasu, kwanaki kaɗan kafin buɗewa, kada a yi ta wata uku kafin nan a manta. Akwai kuma wanda duhun tsohuwar hanyar ne abincinsa, kuma ba horarwar da za ta sauya shi. Maganinsa tsari ne: fayiloli su bi layin da suka shigo, mai nema ya riƙa ganin inda nasa yake, wanda ya wuce kwanakinsa ya fito da kansa a allon shugaba.

A wani wuri ɗaya ina roƙonku ku ja birki. Manhaja tana iya amincewa da buƙata da kanta idan komai ya cika. Amma ƙi, ko tara, ko cewa ana bin mutum bashi, sai ɗan Adam ya duba ya sa sunansa, a faɗi dalili, a nuna inda za a ɗaukaka ƙara. Ostareliya ta bar na'ura tana raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-daidai a kan makonni tana fitar da bashin tallafi, a tsarin da aka sani da Robodebt. Aka gano ya saɓa doka, a 2020 gwamnati ta sanar za ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000. A Holan kuma an zargi dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara ba da haƙƙi ba, har gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021.

Mataki na ƙarshe: aunawa da rufe tsohuwar hanya

Yawan masu ziyartar shafi ba ya nuna komai. Ku auna cikin waɗanda suka fara cikewa nawa suka kammala, kuma a wane shafi sauran suka tsaya. Ku auna kwanakin da ke tsakanin miƙawa da karɓa, ku gwada da lambobin da kuka rubuta a bango a mataki na biyu. Ku auna kuɗin da kowace buƙata ke ci wa gwamnati, da kason masu bin intanet, da dalilin kowane kiran waya. Ku riƙa buga waɗannan alƙaluma a fili kowane wata, masu daɗi da marasa daɗi.

Idan tsarin ya tsaya da ƙafarsa, ku sa rana ku daina buɗe fayil ɗin takarda a cikin ofis. Muddin ana riƙe rajista biyu, ma'aikata suna aiki biyu, kuma idan suka saɓa ba a san wadda za a bi ba. A fitar da takardar umarni cewa daga ranar kaza rajistar kwamfuta ita ce ta hukuma, a sanar da jami'an da ke duba lasisi a waje yadda za su tabbatar da shi da lambarsa, a kai tsofaffin fayiloli ma'ajiya bisa wa'adin da dokar adana takardu ta tsayar. Teburin taimako yana nan ba a rufe shi. Daga nan sai ku ɗauko aiki na biyu a jerin da kuka rubuta tun farko, da hanyar biya da ta shiga da ta saƙo duk a shirye.